Kusurwar da Jan Biro Ya Rufe da Kwali

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana duba kuskure a wata 'yar jarida mai fitowa mako-mako, shi ya sa ko a unguwa ba a kiransa da sunansa, sai Jan Biro. Teburinsa yana can ƙurya, tsakanin injin buga takarda da ƙofar banɗaki, wurin da babu mai son zama. Duk shafin da za a buga sai ya bi ta gabansa. Zai ɗora rula a ƙarƙashin layi, ya riƙa saukar da ita a hankali leɓensa na motsi, idan ya kama harafin da ya ɓata ya zagaye shi da ja, ya yi ɗan tsakin jin daɗi. Sunansa bai taɓa fitowa a jaridar ba ko sau ɗaya. Amma duk ranar da aka buga ta sai ya naɗe guda ya saƙala a hammata, ya kawo gida ya ɗora kan ta makon jiya.

Mutum ne mai gaskiya da tsare lokaci, kuma mutum ne mai ban haushi, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Idan ka aiko masa da wasiƙar gaisuwa sai ya gyara ta kafin ya amsa. 'Ya'yansa sun daina nuna masa littattafan makaranta tun suna aji uku. Matarsa, wadda yake kira Maman Yara, ta sha gaya masa cewa idonsa yana gano ɗigon da ya ɓata a shafi na bakwai, amma ba ya ganin an canza labulen ɗaki. Sai ya yi dariya ya ce ai labule ba ya cikin aikinsa.

Gidansu ɗaki biyu ne da falo, sai wani ƙaramin ɗaki da aka gina don ajiyar kayan abinci, wanda jaridu suka cinye tas. Ya ɗaɗɗaure su shekara-shekara da igiya, kowane ɗauri da 'yar takarda a goshinsa. Maman Yara ta yi faɗa, ta yi roƙo, ta yi barazanar kiran masu sayen tsohuwar takarda, daga ƙarshe ta haƙura ta tura buhun shinkafarta ƙarƙashin gado. Ita tela ce, kayan 'yan makaranta take ɗinkawa, kekenta yana bakin tagar da ke kallon bayan gida. A bayan gidan akwai ɗan fili, taku goma sha biyu a tsawo, takwas a faɗi. Nan ne lambunta: tumatir, kuɓewa, alayyahu, barkono, da wasu ganyayyaki da shi bai taɓa tambayar sunansu ba, ci kawai yake yi.

'Ya'ya uku Allah ya ba su. Akwai 'yar fari, wadda ƙannenta suke kira Yaya har sunan ya bi ta, malamar makaranta ce a wani gari mai nisa. Akwai namiji, shi ma aiki ya kai shi inda sai a waya ake jin muryarsa. Sai ƙaramar, da suke kira Tsuntsuwa saboda surutu, wadda zazzaɓi ya ɗauke tana shekara takwas. Ba a cika ambatonta a gidan ba. Shi ya koma aiki bayan kwana huɗu, ya nutsa kansa cikin shafuka, ita kuma ta rage magana ta ƙara daɗewa a bayan gida. Kowa ya riƙe baƙin cikinsa shi kaɗai, aka ci gaba da zama.

Da aka kawo na'urar da ke ja wa kuskure layi da kanta, sai aka yi wa Jan Biro godiya aka sallame shi. Ya koma zaman baranda yana sake karanta tsofaffin jaridunsa, yana gano abin da ya tsallake masa shekara ashirin da suka wuce, yana jin haushin kansa. Daga bayan gida sai ya ji muryarta.

"Malam, zo ka ga wani abu."

"Ina zuwa, bari in ƙarasa wannan sakin layin."

Sakin layin ba ya ƙarewa. Ita ma ta saba, ba ta kira sau biyu.

Wata safiya, gab da faɗuwar damina, ya ji ƙarar bokiti a kan siminti, ya ɗan jira ya ji ta yi mita, bai ji komai ba. Ya same ta kwance a bakin famfo, ruwa na bin gefen zaninta. Shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama ya tafi, ƙafar dama ta tafi, magana ma ta tafi, sai wani sauti guda da take maimaitawa ko ruwa take so ko juyi. Mako bakwai suka yi a asibiti. Ranar sallama likitar ta ja shi gefe ta ce magani zai yi nasa, amma idan mai ciwo ta saki rai babu abin da za su iya. "Baba, abin da ta fi so a duniya, a ajiye mata shi inda za ta riƙa gani."

Ya matsar da keken ɗinki, ya jawo gadon bakin taga, ya ɗaga labule yana jiran ya ga murna. Ruwa ya sauka suna asibiti, babu wanda ya taɓa lambun. Ciyawa ta kai gwiwa, ta shaƙe tumatir, ta hau kan kuɓewa, ko hanyar da take bi zuwa famfo ta ɓace. Maman Yara ta kalla na ɗan lokaci, ta juya fuska bango. A ranar ba ta ci komai ba. Washegari cokali uku ya samu ya ba ta da ƙyar. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, domin ya gane idan lambun nan bai dawo ba, ita ma ba za ta dawo ba.

Ya ɗauki fartanyarta. Mutumin da bai taɓa riƙe abin da ya fi biro nauyi ba, a shekara sittin da takwas, ya sunkuya noma. Kwana biyu hannunsa ya yi bororo, bayansa ya riƙe har sai da ya dafa bango kafin ya miƙe. Bayan mako guda inda ya nome ya sake yin kore shar, kamar ya yi wa ciyawar aski ne kawai. A nan ya tuna da wani dattijo mai kula da furannin asibiti, wanda ya sha gani ta tagar ɗakin marasa lafiya yana shimfiɗa kwalayen magani a ƙasa. Ya roƙi maƙwabciya ta zauna da Maman Yara, ya hau mota ya koma ya same shi.

"Ciyawa ba ƙarfi take so ba, Malam," in ji mai furannin. "Hana ta ganin rana kawai, za ta mutu da kanta. Kana da tsohuwar jarida?"

Jan Biro ya ce, "Akwai 'yar kaɗan."

"To ka sare ciyawar ƙasa-ƙasa, ka jiƙa wurin. Ka shimfiɗa falle shida ko takwas, bakin wannan ya hau kan bakin wannan, kada ka bar ko kafar yatsa, ta nan za ta ɓullo ta yi maka dariya. Ka bar ɗan zagaye a gindin kowace shuka. Ka jiƙa takardar, ka zuba busasshen ganye ko garin katako a kai, ka danne gefe da duwatsu. Ban da shafi mai sheƙi, ba ya shan ruwa. Inda ta yi taurin kai, kwali za ka sa mata, amma ka ɓare salatif ɗin tukuna."

Jan Biro ya rubuta duka a bayan katin asibiti, ya sa wa kowane lamba.

Da ya dawo ya tsaya a ƙofar ƙaramin ɗakin nan ya daɗe. Ɗauri talatin da ɗaya, ƙuruciyarsa da ƙarfin idonsa duk suna ciki. Ya ji zafin abin, ba ƙarya. Ya fara da shekarar da aka kawo wani edita da ba su jitu ba, ya ce ita ce ta fi cancantar zama taki. Aikin da wani zai gama a yini biyu ya ɗauke shi mako uku, saboda ba ya iya shimfiɗa shafi bai karanta ba. Sai ka gan shi durƙushe a cikin laka, tabarau a ƙarshen hanci, jaridar na ɗiga ruwa, yana girgiza kai kan wani waƙafi da aka sa ba a wurinsa ba. Kafinta na bakin titi ya riƙa ba shi garin katako a buhu, yana tsokanarsa wai yanzu kam tumatir ɗin gidan za su fi kowa sanin labarin duniya.

Abin ya yi aiki. Layin tumatir ya fito fes, kuɓewa ta miƙe ta fara fure, hanyar famfo ta dawo. A kwana na biyar ya ɗago kai ya ga fuskarta a taga. Tana kallon ɗaurin jaridun da ya kwance, tana kallonsa, gefen bakinta mai motsi ya ɗaga kaɗan. Shekara talatin tana roƙon a fitar da takardun nan daga ɗakinta, ga su nan suna fita da ƙafar mai su. A ranar ta shanye kofin shayi, ta ci rabin kwanon abinci. Ya shiga yana goge hannu a wando ya ce, "Kin ci nasara, Maman Yara. Sai ki warke ki kwashe shinkafarki daga ƙarƙashin gado." Ta buga masa hannun hagu a gwiwa. Waɗannan makonni uku su ne mafi daɗi da suka yi tun mutuwar yarinyar.

Saura kusurwa guda, can jikin katanga bayan famfo. Wata ciyawa ce ta yi cunkus a wurin, siririn ganye mai duhun kore, ta fi sauran kauri, da wasu fasassun bulo zagaye da ita waɗanda ya ɗauka tarkacen magina ne. Ya ce wannan ce mai taurin kan da aka faɗa masa. Ya je wurin mai shagon kayan lantarki ya roƙo kwalin firiji, ya zauna ya ɓare salatif ɗin tsaf, ya cire ƙusoshin ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. Fartanya ba ta shiga tsakanin bulon, sai ya shiga ɗaki ya ɗauko babban almakashinta na ɗinki, ya durƙusa ya fara datse ganyen daidai da ƙasa.

Sai ya ji ƙarar cokali a jikin ƙarfen taga. Ya waiwaya ya ɗaga mata hannu. "Na kusa gamawa." Ƙarar ta ƙaru, sautin nan nata guda ɗaya yana fita da ƙarfi. Ya ninka kwalin biyu ya shimfiɗa, ya kwashe bulon ya danne gefe da su, ya juye buhun garin katako, ya kwarara ruwa bokiti biyu, sannan ya shiga.

Ya tarar da ita ta zame daga kan matashi, hawaye ya jiƙa mata wuya, hannun hagun yana nuna waje. Ya duba ko ƙudan zuma ne ya shigo, ya taɓa goshinta, ya tambaya ko ciki ne. Sai idonsa ya faɗa kan almakashin da ke hannunsa, duk laka. Ya ce, "Af, yi haƙuri, na manta ba kya son a taɓa miki shi." Ya wanke shi, ya shafa masa mai, ya ajiye kusa da ita. Ta ture shi ƙasa. Ya kawo takarda da biro ya sa mata a hannun hagu. Ta ja wasu layuka a karkace, ta matsa har takardar ta huje. Ya ɗaga ta zuwa haske, ya juya ta sama da ƙasa, bai sami harafi ko ɗaya ba.

Daga ranar ta sake juya wa taga baya. Abinci ya koma cokali uku. Shi kuwa ya ɗauka ciwon ne ya motsa, ko kuma aikin ne bai yi mata kyau ba, sai ya ƙara himma. Safe da yamma yana shayar da lambun, kuma kusurwar nan ta fi ko'ina shan ruwa, don mai furanni ya ce kwali idan ya bushe iska na ɗaga shi. Ya riƙa kawo mata tumatir na farko a tafin hannu, tana rufe ido. Haka suka yi wata biyu da rabi.

Da aka yi hutun makaranta Yaya ta zo. Ta ga yadda uwarta ta rame, ta shiga banɗaki ta yi kukanta ta fito. Da la'asar ya ja ta bayan gida don ya nuna mata aikinsa, yana tafe yana bayani, falle nawa a nan, falle nawa a can.

"Sannu da ƙoƙari, Baba. Wallahi ban zaci za ka iya ba." Ta bi layin kuɓewa har famfo, sai ta tsaya. "Baba, ina furen Tsuntsuwa?"

"Wane fure?"

"Wanda yake nan, cikin bulo. Mai ganye kamar ciyawa."

Ya kalli kwalin, ya kalle ta.

"Ita ta kawo shi daga makaranta a gwangwanin madara, albasarsa guda biyu, satin da za ta kwanta ciwo. Mama ta dasa mata a nan. Idan aka yi ruwan farko yakan yi fure kwana biyu ko uku, shi ke nan sai wata shekara. Duk shekara Mama sai ta kira ni a waya ta ce ya fito." Muryarta ta yi ƙasa. "Ba ta taɓa nuna maka ba?"

Ya san ta kira shi. Ya san sau nawa ta kira shi, da abin da yake ce mata.

Ya durƙusa ya fara kwashe bulon. Kwalin ya riga ya narke, gara ta ci rabinsa, yana ɗagawa yana yagewa a hannu, wani wari na ruɓa ya taso. A ƙarƙashi akwai ganyen da suka yi ƙoƙarin fitowa ba su sami hanya ba, farare, kwance, sun nannaɗe a jikin juna sun ruɓe. Ya tona da yatsu. Albasar tana nan da yawa, don a shekara ashirin da biyu guda biyun nan sun haihu sun cika wurin, amma duk wadda ya taɓa sai ta fashe ta zama ruwa. Aikin nasa ya yi kyau sosai. Bai bar ko kafar yatsa ba, kamar yadda aka koya masa. Ya tankaɗe ƙasar kusurwar gaba ɗaya a tafin hannu har rana ta yi ƙasa, ya sami guda huɗu da ba su narke ba.

Ya shiga ɗaki da su a cikin murfin kwano, laka har gwiwar hannu. Ya durƙusa a bakin gadon, abin da gwiwarsa ba ta so.

"Maman Yara, ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

Ta juyo ta dube shi. Babu fushi a idonta, da ma fushin ne da ya fi masa sauƙi. Ai abin da ya faɗa shi ne laifin gaba ɗaya, ita ta sani, shi ma yanzu ya sani. Ta miƙa hannun hagu cikin murfin, ta riƙa latsa albasar ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa, yadda take yi a kasuwa. Uku ta ture gefe. Ta huɗun ta riƙe ta daɗe, ta kai hanci ta shinshina, sannan ta sa masa a hannu ta nuna taga.

A waje ya tambayi 'yarsa, yana jin kunyar tambayar, "Wane launi ne furen?"

"Fari ne, ina jin. Ko ruwan hoda mai haske. Baba, ni ma na daɗe ban zo da farkon damina ba."

Yaya ce ta dasa ta, don shi ya ce hannunsa ba zai sake taɓa wurin ba. Ta mayar da bulon yadda take tunawa. Maman Yara ta koma kallon taga, amma ba tumatir take kallo ba, kuma cin abincin bai dawo ba. Ya riƙa zama kusa da ita yana tambayarta sunayen ganyayyakin lambun, yana faɗa tana gyaɗa kai ko ta girgiza, ya koyi guda tara a haka. Damina ta wuce, kusurwar ba ta nuna komai ba. Yaya ta ce kada ya damu, irin wannan albasar takan yi barci har ruwa ya dawo. Maman Yara ba ta jira ruwan ba. Ta rasu wata Talata da hantsi, yana bayan gida yana cika bokiti.

Ɗan ya zo ya ce Baba ya tattara ya bi shi, Yaya ma ta ce ga ɗaki a wurinta. Ya ce su bari tukuna a yi ruwa. Ya ci gaba da lambun shi kaɗai, yana kwance ɗauri yana shimfiɗawa, yanzu ba ya tsayawa karatu. Layukan sun fi na kowa tsabta a unguwar, har mata suna leƙowa ta katanga suna tambayar yadda ake yi, yana gaya musu falle shida ko takwas, yana ƙarawa da cewa su tambayi mai wurin kafin su rufe komai.

Ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo. Kusurwar da ta sha taki da ruwan shekara guda ta tashi gaba ɗaya, siraran ganye iri-iri, kowanne kore, kowanne kama da ɗan'uwansa. Ya kira Yaya ya kwatanta mata, ta ce daga nan ba za ta iya ganewa ba, ya jira fure. Ya jira kwana uku, ya jira mako uku. Ciyawar ta kai gwiwa, ta rufe bulon, ta fara zubar da 'ya'ya cikin layin barkono.

Wata safiya kafinta ya kawo masa buhun garin katako har bayan gida, ya ga wurin, ya yi dariya.

"Malam, ko'ina fes sai nan? Ko jaridar ce ta ƙare? Kawo fartanya in share maka yanzun nan, ba zai kai minti biyar ba."

Jan Biro ya matsa ya tsaya tsakaninsa da kusurwar.

"Bar ta," ya ce. "Ban san wacce ce a ciki ba."